SHARHI: Gyaran Manhajar Kyauta, Mai Kuɗi Na Gaba, Jimeta Na Bayan Layi

YOLA: Tun daga ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025, lokacin da kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa manhajarsa ta Windows 10, masu shagunan buga takardu, da maɗaba'u, da makarantun koyar da na'ura mai ƙwaƙwalwa a Jimeta da Yola suka sami kansu a tsaka mai wuya. Da yawa daga cikin kwamfutocin da ake neman abinci da su a wannan yanki na hannu ne, waɗanda aka gama mora a Turai kafin su iso nan, kuma sabuwar manhajar Windows 11 ba ta amincewa da galibin na'urorin da aka ƙera kafin shekarar 2017. Kamfanin ya yanka wa ma'aikatu da kamfanoni dala 61 a kan kowace kwamfuta domin ƙarin kariya na shekarar farko, kuɗin kuma yana ninkawa a shekara ta biyu. Wannan ya zo ne bayan dala, wadda ake canzarwa a kan kimanin naira 460 a farashin gwamnati a watan Mayun 2023, ta haye naira 1,500 a farkon 2024.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne da wasu suka fara waiwayar manhajojin da ake rabawa kyauta, irin su Linux, wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗayanta, da LibreOffice ta rubutu da lissafi, da Firefox ta shiga intanet. Waɗannan su ake kira buɗaɗɗun manhajoji, domin ainihin rubutun da aka gina su da shi a fili yake, lasisinsu kuma ya ba kowa damar ya duba, ya gyara, ya raba. Tsohuwar kwamfuta tana iya ɗaukarsu, kuma ba a biyan ko sisi wajen saka su. Sai dai kafin ɗan kasuwa ya ɗora jarinsa a kansu, akwai tambaya guda da ya kamata ya san amsarta: ran da manhajar ta yi tangarɗa, wa zai gyara, kuma gyaran wa za a fara yi?

Yadda Ake Bin Layi

Kowace babbar manhaja daga cikin waɗannan tana da rajista a buɗe, inda duk wanda ya ci karo da kuskure zai iya shigar da ƙorafi. Shigarwa ba ta da wuya, kuma ba a tambayar mutum launin fatarsa ko nauyin aljihunsa. Amma ƙorafe-ƙorafen da ke jiran gyara dubbai ne, masu iya gyaran kuwa ƙalilan ne, don haka tilas a zaɓi wanda za a fara da shi. A nan ne maganar tattalin arziki take shigowa, domin duk inda buƙata ta fi abin biyanta yawa, akwai abin da ke raba rabo, ko an ambace shi ko ba a ambata ba.

Masu gyaran kashi biyu ne. Akwai injiniyoyin da kamfanoni ke biya albashi, akwai kuma 'yan sa kai da ke aikin a lokacin hutunsu. Lokacin da aka fitar da LibreOffice 7.1 a watan Fabrairun 2021, gidauniyar da ke kula da ita a birnin Berlin ta bayyana cewa kimanin kashi 73 cikin 100 na aikin ya fito ne daga ma'aikatan kamfanoni da ƙungiyoyi, musamman Collabora da Red Hat da CIB, waɗanda ke yi wa abokan cinikinsu hidima, sauran kashi 27 kuma daga 'yan sa kai. Ma'anar wannan a bayyane take. Idan wata ma'aikatar gwamnati a Jamus ko wani banki a Faransa ya sa hannu a kan kwangila, ƙorafinsa yana da wa'adin da za a biya shi a ciki. Ƙorafin mai shago a Babbar Kasuwar Jimeta ba shi da wa'adi, yana nan har sai ya yi dace da wanda ya ga dama.

Tarihi cike yake da misalai. A shekarar 2004 wani ya nemi a gyara tagar zaɓen fayil ta GNOME, ɗaya daga cikin manyan fuskokin Linux, yadda mutum zai riƙa ganin ƙananan hotuna jere kafin ya zaɓi wanda yake so. Mai ɗaukar hoto da mai tsara katin biki sun san muhimmancin wannan. Ba a biya buƙatar ba sai a 2023, bayan fiye da shekara 18. Haka nan wani ƙaramin kuskure a Firefox, na wani ɗan rubutun bayani da ke maƙalewa a fuskar kwamfuta, an kai rahotonsa a 2002, ya zauna sama da shekara 20, sai a 2023 wani ɗalibin Jami'ar Stanford da abin ya dame shi ya zauna ya gyara. Ba wuya ce ta hana waɗannan gyare-gyare ba. Babu wanda cinikinsa ya rataya a kansu ne kawai.

Wani lokaci ma kamfani yakan juya baya gaba ɗaya. A watan Yunin 2023 Red Hat, wanda IBM ya saya a 2019 a kan dala biliyan 34, ya sanar da cewa ma'aikatansa za su daina kula da LibreOffice a cikin tsarinsa, domin su mayar da hankali ga wasu ayyukan da abokan cinikinsa suka fi buƙata. Kafin wannan, kamfanin Canonical mai Ubuntu ya sauya wa manhajarsa fuska a 2011 duk da ƙorafin masu amfani da ita, ya saka tallan kayan Amazon a wurin bincike a 2012, sa'an nan a 2017 ya watsar da sabuwar fuskar da ya gane ba ta kawo riba.

Laifin Wa?

Abu ne mai sauƙi a ɗora wa kamfanoni laifi, amma adalci bai yarda da haka ba. Kamfanin da ya biya injiniya albashi yana da haƙƙin ya sa shi aikin da zai dawo da kuɗin, kamar yadda kowane ɗan kasuwa a Jimeta ke fara sallamar wanda ya biya kafin ya saurari mai neman alfarma. Bugu da ƙari, gyaran da aka yi wa bankin Faransa yana shiga manhajar da kowa zai sauke, don haka mai shago a Yola yana cin gajiyar aikin da bai biya ba. In da kamfanonin za su janye yau, da manhajojin sun tsaya cik. Rikicin da ya tashi a 2020, lokacin da aka so a liƙa wa LibreOffice ta kyauta sunan da ke nuna ta amfanin mutum ɗaya ce, ya samo asali ne daga kukan da kamfanonin suka yi cewa manyan ma'aikatu suna amfani da guminsu ba tare da sun biya komai ba. Jama'a suka yi ca, aka janye sunan, amma kukan bai zama ƙarya ba.

Su ma 'yan sa kai ba mala'iku ba ne. Ɗan sa kai yana gyara abin da ya dame shi ne, ko abin da ya ba shi sha'awa. Mafi yawansu suna zaune a ƙasashen da wutar lantarki ba ta ɗaukewa, intanet ba shi da tsada, kwamfutocinsu kuma sababbi ne. Ba mugunta ba ce in ba su damu da tsohuwar firinta ba, ko da manhajar da ke cinye data wajen sabunta kanta, ko da takardar da ta lalace saboda wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Abin da ba su gani ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don haka in an ce a bar wa jama'a su tsara abin da za a fara gyarawa, sai a tambaya: wace jama'a? Jama'ar da ke da murya a wannan fage su ne waɗanda ke rubuta gyara, ko suke biyan mai rubutawa.

Akwai kuma haɗarin dogara ga mutanen da ba a biya. A 2014 aka gano wata ɓaraka a OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin hada-hadar kuɗi a wani babban sashe na intanet, sai duniya ta farga cewa gudummawar da aikin ke samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba. A watan Maris na 2024 kuma aka bankaɗo wata ƙofar sata da aka dasa a cikin wata ƙaramar manhaja mai suna xz, bayan wani ya yi shekaru yana neman yardar mutum guda ɗaya da aikin ya yi wa yawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yoyon Ɗakin Adamawa

Buƙatun Yola da Jimeta ba ɓoyayyu ba ne. Na farko shi ne harshe. Hausa na da ɓ da ɗ da ƙ, Fulfulde kuma na da ɓ da ɗ da ŋ da ƴ. Duk wanda ya taɓa buga takarda a waɗannan harsuna ya san yadda haruffan ke komawa akwatuna in samfurin rubutun da aka zaɓa bai san su ba, da yadda manhaja ke juya alamar da ke farkon kalmar 'ya'ya ta mayar da ita alamar buɗe zance, da yadda jerin sunayen ɗalibai ko na ma'aikata ke hargitsewa in manhajar ba ta san cewa ƙ tana bin k ba. Ga maɗaba'ar da ta karɓi kwangilar littattafan firamare, wannan asarar takarda ce da tawada da man janareta.

Na biyu shi ne ajami, wanda ke da tsohon tarihi a garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841. Tsakanin 2012 da 2020 hukumar Unicode, mai ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ta ƙara wasu haruffan ajami da Fulfulden Adamawa da Hausa ke buƙata. Ƙungiyar SIL ta fitar da samfuran rubutu na kyauta irin su Harmattan da Alkalami, na biyun kuma an tsara shi ne a kan salon rubutun Kano. Amma samun harafi daban ne da samun manhajar da za ta jera shi daidai daga dama zuwa hagu, ta ɗora masa wasali, ta buga shi a takarda ba tare da ya karye ba. Ita kanta gidauniyar LibreOffice ta gane cewa kasuwa ba ta biyan irin wannan aiki, shi ya sa a 2023 ta fara ɗaukar injiniyoyinta da kuɗin gudummawa, domin rubutu irin na Larabci da kuma sauƙaƙa wa makafi.

Na uku, wanda ya fi taɓa aljihu, shi ne jituwa da takardun Word da Excel. Abokin ciniki yana zuwa da kundin digiri, ko takardar neman kwangila, ko jadawalin albashi, kuma yana so ya fito yadda ya tsara shi. In shafi ya goce, ko teburi ya tsallaka, ba ruwansa da falsafar manhaja, shagon gaba zai nufa. A wannan fanni buƙatar Jimeta ta yi daidai da ta manyan ma'aikatun Turai, don haka ana samun ci gaba. A fanni na farko da na biyu kuwa, babu wani banki a Faransa da zai biya.

Inda aka sami nasara, mutane ne suka tashi da kansu. Firefox ta fito da harshen Fulatanci a 2012 saboda aikin 'yan sa kai, amma da yake Fulanin yammacin Afirka ne suka jagoranci aikin, karin harshen Pulaar na wajen Senegal da Muritaniya ne ya rinjaya, wanda ya sha bamban da na Adamawa. Rubutun Adlam, da wasu 'yan'uwa biyu, Ibrahima da Abdoulaye Barry, suka ƙirƙira a Gini a ƙarshen shekarun 1980, ya shiga Unicode a 2016, Microsoft kuma ta saka shi a Windows a 2019, bayan masu shi sun yi shekaru suna bin lamarin. Darasin ɗaya ne: wanda ya zo wurin aikin, muryarsa ake ji.

Abin Da Aka Riga Aka Gani

Nijeriya ta taɓa shiga wannan fage. A 2007 kamfanin Mandriva na Faransa ya sami cinikin saka Linux a kwamfutocin 'yan makaranta 17,000, har shugabansa ya rubuta wa shugaban Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa da ya ji ana shirin maye gurbinta da Windows. Muhawarar ta tsaya ne a kan manhajar da za a saka, alhali tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wanda zai kula da ita bayan an raba na'urorin. Kamfanin Mandriva ya durƙushe a 2015. Birnin Munich na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya sauya kwamfutoci kimanin 15,000, sa'an nan a 2017 majalisarsa ta zaɓi komawa Windows, bayan takaddamar siyasa da ƙorafin ma'aikata. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta ƙasar ta ɗauki matakin mayar da kwamfutoci 30,000 kan LibreOffice. A 2023 kuma wani asusun gwamnatin Jamus ya ba GNOME yuro miliyan ɗaya domin gyare-gyaren da ba su da mai saye. Turawan sun fahimci cewa kuɗin da aka tsimi daga lasisi, wani kaso nasa na gyara ne.

Mafita

Masana tattalin arziki suna kiran irin wannan gyara kayan jama'a, wato abin da in an samar da shi kowa zai mora, kuma ba a iya hana wanda bai biya ba. Matsalar kayan jama'a ita ce kowa yana jiran wani ya biya. Rijiyar unguwa ce: kowa na ɗiba, yasa kuwa sai an yi shela. Mai shago guda ba zai iya biyan injiniya albashin wata uku domin gyara jerin haruffa ba, in ma ya biya, maƙwabcinsa zai amfana a banza. Amma abin da ya gagari mutum ɗaya ba ya gagarar ƙungiya, kuma 'yan kasuwar Jimeta ba baƙi ba ne ga adashi da kuɗin ƙungiya.

Mataki na farko shi ne masu maɗaba'u da masu shagunan kwamfuta da masu makarantu su zauna, ƙarƙashin ƙungiyoyinsu ko majalisar 'yan kasuwa ta jiha, su fitar da jerin tangarɗa goma da suka fi ci musu kuɗi, kowace da misalin takardar da ta lalace da matakan da aka bi har ta lalace. Ƙorafin da aka rubuta da hujja ya fi saurin samun mai dubawa a kan wanda aka yi cikin fushi. Wannan bai buƙatar jari, sai haƙuri da tsari.

Mataki na biyu shi ne asusun gyara. A ajiye wani abu duk wata, a ba da aiki a kan kwangila, a biya in an kammala. Sharaɗin biya kuwa ya zama cewa masu kula da manhajar a duniya sun karɓi gyaran sun shigar da shi cikin asalinta. In ba haka ba, gyaran zai tsaya a kwamfutocin Jimeta kawai, ya ɓace da fitowar sabon zubi, a koma gidan jiya.

Mataki na uku ya rataya a wuyan manyan makarantu. Jami'ar Modibbo Adama, wadda ta faro a 1981 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, da Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ta fara karatu a Yola a 2005, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jiha, duk suna yaye ɗaliban kwamfuta kowace shekara, kowanne kuma sai ya yi aikin kammalawa. Ya fi alheri ɗalibi ya gyara kuskure na gaske a manhajar da miliyoyin mutane ke amfani da ita, a kan ya rubuta kundin da zai ƙare a kan kanta yana shan ƙura. Sunansa zai kasance a rajistar da duk mai ɗaukar ma'aikata a duniya zai iya dubawa. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Yola kuwa, mai horar da malamai, ita ta dace ta tsaya a kan ƙa'idar rubutu da fassarar kalmomi.

Mataki na huɗu na gwamnati ne. Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 003 na 2017 ya buƙaci ma'aikatun tarayya su fifita kayan gida wajen sayayya, fasahar sadarwa kuma tana cikin fannonin da ya ambata. Kuɗin lasisin manhaja da dala ake fitar da shi, ya tafi ba ya dawowa. Ladan injiniyan da ke zaune a Jimeta da naira ake biya, kuma a Jimeta zai kashe shi. In Gwamnatin Jihar Adamawa da hukumar NITDA za su ware ko da ƙaramin kaso na kasafin sayen kwamfutoci domin gyara da kulawa, da an kafa wata sabuwar sana'a a jihar.

Akwai cikas, ba za a ɓoye ba. Ƙwararrun da za su iya shiga rubutun manhaja mai layi miliyoyi ba su da yawa, wanda ya ƙware kuma kasuwar duniya na jiransa da dala. Masu kula da manhaja na iya ƙin karɓar gyaran da bai cika ƙa'idarsu ba. Sama da duka, muddin ana samun kwafin Windows da Office marasa lasisi a farashin kwanon abinci, mai shago zai ga babu dalilin da zai sa ya wahalar da kansa. Amma wannan araha tana da nata farashi: ƙwayoyin cutar kwamfuta, da asarar takardun abokan ciniki, da dokar haƙƙin mallaka da aka sabunta a 2023, da kuma rufewar ƙofar kwangila daga ƙungiyoyin da ke bincikar lasisi. Kayan aro ba ya rufe katara.

Bambancin da ke tsakanin manhajar kamfani da buɗaɗɗiyar manhaja ba a farashi kaɗai yake ba. A ta farko, in kamfanin ya ƙi gyarawa magana ta ƙare, kamar yadda masu Windows 10 suka gani. A ta biyu, in kamfani ya ƙi, doka ta ba kowa damar ya ɗauki nasa magyarin. Wannan dama ita ce dukiyar, amma ba ta amfanar wanda bai yi aiki da ita ba. Yola da Jimeta na da makarantu, da matasa, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da suka saba haɗa kuɗi. Abin da ya rage shi ne su rubuta jerin tangarɗarsu, su buɗe asusu, su ba da aikin farko.